Hayaƙin da ke ɓoye cikin kayan fatauci: daga ina gardamar ta taso?

Tun ranar 1 ga Oktoba 2023, da Tarayyar Turai ta fara gwajin tsarin harajin hayaƙin carbon mai ɗumama duniya kan siminti, ƙarfe, alminiyum, takin zamani, lantarki da haidurojin da ake shigar mata, ake ta maganar a tarukan Abuja kamar daga sama ta faɗo. Alhali ƙirga hayaƙin da aka fitar wajen ƙera kayan fatauci tsohon zance ne.

Masanin tattalin arziki Wassily Leontief ya ƙirƙiro jadawalin shige da fice na tattalin arziki, mai nuna abin da kowane sashe ke saye daga sauran da abin da yake sayar musu, a shekarun 1930, a 1970 ya shigar da gurɓatar muhalli cikinsa. Ita kuwa yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kan sauyin yanayi hayaƙin da ya tashi cikin iyakar ƙasa kaɗai take ƙirgawa.

Ɗauki buhun taki. Jadawalin zai nuna kuɗin iskar gas, lantarki, buhu da dakon tirela da ke cikin kowace naira ta takin. Mai ƙera buhun ma yana da nasa sayayya, haka wanda ya sayar masa. Lissafi ɗaya ke tattaro zagayen nan duka, sai a ninka da hayaƙin kowane sashe.

Inda aka sha kwana, ba a cika ambatonsa ba. Masu binciken farko jadawalin ƙasa ɗaya ke hannunsu, sai su ɗauka cewa kayan waje da irin fasahar gida aka ƙera su. Wato ƙarfen da aka narka da kwal a Sin, in ya sauka Faransa, a lissafa shi kamar da lantarkin nukiliyar Faransa aka yi shi. Da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, kuskuren ya fi ƙarfin a kau da kai. Dole aka fara ɗinke jadawalin ƙasashe wuri guda, kowace da hayaƙinta. Sai ga wani bincike na 2011 ya nuna hayaƙin kayan fatauci ya tashi daga tan biliyan 4.3 a 1990 zuwa 7.8 a 2008, kashi 26 cikin ɗari na hayaƙin duniya.

To amma ɗinkin da saura. Rumbun EXIOBASE, ɗaya daga cikin ɗinkakkun jadawalan nan, ƙasashe 44 ya ware da suna, Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu. Nijeriya tana cikin kwandon "sauran Afirka". Matsakaicin kwando kuwa bai san janareton da ke ruri a bayan kowane shago a Wuse ba, bai san gas ɗin da ake ƙonawa a rijiyoyin mai ba. In aka cusa siminti da gilashi a layi ɗaya, ko aka juya naira zuwa dala da canjin da bai dace ba, lissafin ya karkace.

Harajin Turai ba da jadawalin nan ake yanka shi ba, awon masana'anta yake nema. Wanda bai kawo nasa awon ba, alƙaluman ƙiyasi za a ɗora wa kayansa.