Waiwaye: An rubuta alamun, ba a karanta su ba

Tun da aka sabunta jarrabawar lasisin nas a Amurka a Afrilun 2023, aka ƙara tambayoyin da ke auna yadda ɗalibi ke yanke shawara, muhawara ta sake tashi: yaya ɗalibi zai haddace littafi, amma jikin majinyaci ya rikice a gabansa bai ankara ba? Maganar ta daɗe.

Florence Nightingale ta buɗe makarantarta ta koyar da aikin jinya a Landan a 1860, kuma lura da majinyaci ta fi nacewa a kai. Daga baya aka tsara aikin jinya mataki-mataki: dubawa, gano matsala, tsara kulawa, aiwatarwa, bita. Rahoton 1999 da ya ƙiyasta cewa kurakuran asibiti na kashe mutum 44,000 zuwa 98,000 duk shekara a Amurka kuwa, kowa ya ji labarinsa.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne wani bincike na 1990. An bi takardun majinyata 64 da zuciyarsu ko numfashinsu ya tsaya a asibiti, aka tarar kashi 84 cikin ɗari an rubuta alamar taɓarɓarewa ko sabon ƙorafi a kansu cikin awa takwas kafin hakan. Wato an gani, har an rubuta. Haɗa alamun wuri guda ne ya gagara.

Ɗauki wanda aka yi wa tiyata jiya. Numfashinsa ya tashi daga 16 zuwa 24 a minti, bugun zuciya daga 84 zuwa 110, fitsari ya gaza rabin mililita kan kowane kilo na nauyin jikinsa a awa, ga rashin natsuwa. Awon hawan jininsa kuwa lafiya lau, domin jiki na matse jijiyoyi yana rufe giɓin jinin da ya ragu, sai can daga baya zai faɗi. Ɗalibin da aka horar da cike gurbi zai rubuta kowace lamba daidai ya wuce. Shi numfashin ma sau da yawa ƙiyasta shi ake yi, alhali ya kamata a ƙirga na minti guda cur.

A ganina nan gizo ke saƙa: an daɗe ana ba da maki a kan tsarin kulawa da aka rubuta a takarda bayan an tashi aiki. Shi ya sa malami a bakin gado zai tambayi ɗalibi: me ya sauya tun safe, me kake zargi, wa za ka kira, cikin minti nawa?