Yaron da ya tsallako daga Zamfara da haƙƙinsa a lakwal ɗin Maraɗi

Tun daga 2019 dubban iyalai daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suke tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar saboda 'yan bindiga, akasarinsu mata da yara. Da zarar uwa ta samu inda za ta shimfiɗa tabarma, sai ta fara tunanin karatun ɗanta: za a karɓe shi a lakwal, wato makarantar boko, kuwa?

Doka ta ce a karɓe shi. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, wadda Nijar ta amince da ita, ta faɗa a sashe na 22 cewa a karatun firamare ɗan gudun hijira daidai yake da ɗan ƙasa. Wanda ya gudo cikin dare ba ya tsayawa ɗauko takardar haihuwa, shi ya sa sashe na 27 ya ɗora wa ƙasar da ta karɓe shi nauyin ba shi takardar shaida.

Amma ba shi gurbi a aji kawai bai wadatar ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta tanadi kula da lafiyarsa a sashe na 24, har da abinci mai gina jiki da ruwa mai tsabta. Sashe na 39 kuwa, wanda ni a ganina aka fi mantawa da shi, ya ce yaron da yaƙi ya taɓa a taimake shi ya warke a jiki da zuciya. Yaron da ke shigewa ƙarƙashin benci da jin ƙarar babur ba rashin ji ke damunsa ba, a kan babura maharan suka shigo ƙauyensu. Irin wannan lallashi yake buƙata da ganin ma'aikacin lafiya, bulala ƙara firgita shi za ta yi.

Sai batun harshe. A tsakar gida da kasuwa Hausa ta haɗa baƙo da ɗan gari, amma yaron da ya fara ABCD da Turanci zai tarar mushe, wato malamin lakwal, yana rubutu da Faransanci a allo. Sashe na 29 na yarjejeniyar haƙƙin yaran ya ce ilimi ya koya wa yaro girmama harshensa da al'adunsa, da na ƙasar da yake zaune, da na ƙasar da ya fito. Saboda haka idan mushe ya tsaya ya fassara masa darasi da Hausa, ko ya zaunar da shi kusa da yaron da zai riƙa jan sa, aikin da doka ta nema yake yi.