Shafin Intanet na Kasuwanci a Karkarar Kano da Jigawa

Shafin intanet na kasuwanci wuri ne a yanar gizo inda ɗan kasuwa, ko ƙungiyar manoma, ko mai sana'ar hannu ke baje hajarsa, ya faɗi inda yake da yadda za a same shi. Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro tsarin yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1989, aka buɗe shi ga jama'a a 1991. Amfaninsa bai iso ƙauyukan Kano da Jigawa ba sai bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, da yaɗuwar wayoyin Android masu rahusa daga baya.

Kowane shafi yana buƙatar adireshi da ma'ajiya. Adireshi shi ne sunan da ake rubutawa a isa shafin, kuma hayarsa ake yi, ana sabuntawa duk shekara. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng, ana kuma biyan kuɗinsu da naira. Ma'ajiya kuwa kwamfuta ce da ba a kashewa, a cikinta rubutu da hotunan shafin suke. Da yawa suna gina shafi da WordPress, manhajar kyauta da ta fito a 2003. Wajibi ne a yi rajistar adireshin da sunan mai kasuwancin. Idan da sunan yaron da ya gina shafin aka yi, ranar da ya canza lamba ko ya bar gari shafin ya tafi da shi.

Maƙwabci ba ya neman mai riɗi ta intanet, don ranar Lahadi za su haɗu a kasuwar Gujungu, ko ranar Alhamis a Maigatari. Wanda ke buɗe shafin baƙo ne: mai saye daga Legas ko Fatakwal, ko wakilin kamfanin da ke fitar da riɗi da zoɓo ƙasashen waje, wanda ya saba bi ta hannun dillalan Dawanau. Tambayoyinsa ba su da yawa. Wane iri ne? Buhu kilo nawa? Tan nawa ke sito yanzu? An rairaye an busar? Tirela za ta iya shiga garin da damina, ko sai an fito da kayan bakin titi? Shafin da ya amsa waɗannan tun a fuskarsa ta farko ya yi rabin ciniki. A sa farashi tare da kwanan watansa, domin kuɗin buhu da kaka daban yake da na bazara, tsohon farashi kuma yakan jawo rigima bayan an yi lodi. Hoto ma ya zama na kayan da ke ƙasa. Mai shinkafar Kura ko Haɗejiya da ya ɗora hoton da ya kwaso daga wani wuri, amanarsa ya zubar da hannunsa.

A karkara sabis yana rawa, data kuma da kuɗi ake saye, har mai shafin kansa da waya zai riƙa gyara shi. Saboda haka a rage nauyin hotuna, a guji bidiyon da ke kunna kansa. Google ma yadda shafi ke fitowa a waya yake fara dubawa wajen jera shafuka a sakamakon bincike. Lambar waya da maɓallin WhatsApp su kasance a sama, tunda mutanenmu sun fi sakewa da kira da saƙon murya, kuma a can ake ƙarasa ciniki.

Ana so a rubuta da Hausa da Turanci. Masu bincike da yawa ba sa sa haruffa masu lanƙwasa, shi ya sa ya dace "ridi" da "zobo" su ma su fito a wani wuri cikin shafin.

Tsoron damfara ne babban abin da ke mayar da mai saye baya. Lambar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da asusun banki mai sunan kasuwancin, da adireshi mai farawa da https, wato alamar tsaron shafi, duk suna kwantar da hankali. Tun 2018 Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ke yi wa shafin da ba shi da https tambarin rashin tsaro. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa mai karɓar sunaye da lambobin mutane alhakin tsare su.

Baƙi kan zo ne ta binciken Google, ko ta Facebook da TikTok. Yana taimakawa a sa sito ko shagon a taswirar Google, a kuma buga adireshin shafin a jikin buhu da rasit da allon shago.