Mu haɗa kuɗi mu sayi hatsi: tambayoyi kan kafa ƙungiyar gama-kai

Duk magidancin da ke awo kullum ya san kwano-kwano ya fi buhu tsada. Ga tambayoyin da maƙwabta ke yi idan aka kawo shawarar a haɗa hannu a riƙa sari tare.

Ina bambancinta da adashi?

A adashi kowa na zubi, ranar kwasarsa ta zo ya ɗauki kuɗinsa ya yi gabansa. A ƙungiyar gama-kai kuɗin jari ne da ke zaune wuri ɗaya ana juya shi, kuma masu sayen kayan su ne masu shagon. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, ko Alhajin da ya zuba dubu ɗari biyu ne, ko mai ƙosai da ta zuba dubu goma.

An taɓa yi an ga amfaninsa?

A 1844 wasu ma'aikata 28, da dama daga cikinsu masaƙa, a garin Rochdale na Ingila suka gaji da garin alkama mai algus da awon zalunci. Suka tara fam 28, suka buɗe ɗan shago da gari da sukari da man shanu da kyandir. Ƙa'idojinsu ne tushen waɗanda ƙungiyoyin gama-kai na duniya ke bi har yau. A Najeriya kuwa dokar ƙungiyoyin gama-kai ta farko ta fito a 1935.

Mutum nawa ake bukata, kuma ina ake rajista?

Dokar Najeriya ta 1993 ta ce aƙalla mutum goma. Ana rajista a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama-kai na jiha, a je da tsarin mulkin ƙungiya da sunayen mambobi da bayanin taron da aka zaɓi shugabanni. A Nijar ana bin dokar 2010 ta OHADA, wato ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, inda mutum biyar ma za su iya kafa ƙaramar ƙungiya. Shawarata, kada ku yi gaggawar tara jama'a. Gida ashirin da suka san juna sun fi ɗari da suka zo don sun ji ƙishin-ƙishin gwamnati za ta ba da tallafi.

Da me za a fara?

Da abin da ba ya lalacewa da wuri: masara, gero, dawa, shinkafa, wake. Ku bar tumatir da attaruhu tukuna. A saya da kaka, lokacin da manoma ke fito da amfani, a kasuwar ƙauye ko babbar kasuwa irin Dawanau a Kano. Masu zuwa sayayya su zama biyu ko uku, kuma a sake auna buhu gaban jama'a ranar da ya iso, domin buhun da aka ce kwano arba'in ne yakan tashi talatin da takwas. A lissafa kuɗin mota da 'yan dako da hayar sito kafin a yanka farashi. Wake kuma a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace daban. Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an barbaɗa wa abincin yara magani ba.

Sai dai a sani, farashi ba kullum yake hawa da bazara ba. A 2025 hatsi ya karye, masu ajiya da dama suka yi asara. Ku sayi abin da gidajenku za su ci kawai.

Idan mamba ya zo neman bashi fa?

Nan ne ƙungiyoyi ke mutuwa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Mutum ya zo da daddare ya ce, "Malam, yara ba su ci komai ba, a ba ni kwano biyu zuwa Juma'a." Wa zai iya hana shi? An ba shi, gobe wani ya zo, kafin damina sito ya zama wayam, littafi cike da sunaye, ba kuɗin sabon sari. Mutanen Rochdale hannu da hannu suka riƙa ciniki saboda wannan. Ku ware wani ɗan asusu na taimako daban, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa, a ba mai bukata daga ciki, jari kuma a bar shi ya yi aikinsa. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban, mai makullin sito daban, kuma duk wata a karanta lissafi a bainar taro.

Yaya ake raba riba?

A fara cire kashi ɗaya cikin huɗu a ajiye don ranar tsiya, kamar yadda dokar Najeriya ta tanada. Saura a raba gwargwadon sayayyar kowa a shekara: wanda ya auni buhu shida ya fi wanda ya auni biyu samu. Ribar ciniki ce, babu kuɗin ruwa a ciki.

Wannan ba ɓoye abinci ba ne?

Mai ɓoye abinci yana kulle sito ne yana jiran talaka ya galabaita ya tsawwala masa. Ku kuwa sitonku a buɗe yake duk mako, farashi a rubuce a jikin ƙofa, kuma abin da ke ciki tukwanen gidajenku zai shiga.