Raunin sigina a maus da kibod marasa waya na kwamfutar tebur

Raunin sigina matsala ce da ke damun maus, kibod da lasifikar kunne marasa waya idan aka haɗa su da kwamfutar tebur. Alamominta ba ɓoyayyu ba ne. Kibiyar maus takan riƙa tsalle ko ta ƙame wuri guda, haruffa su riƙa ɓacewa ana cikin bugu, sauti ya riƙa yankewa, alhali na'urar ba ta wuce taku biyu daga kwamfutar ba. A shagunan buga takardu na titin Ahmadu Bello da na Tudun Wada a Kaduna, akan ɗauka maus ɗin ne ya lalace, a je kasuwa a sayo wani. Sau da yawa kuwa lafiyarsa ƙalau, wurin da aka soka risibansa, wato ɗan abin da ke karɓar siginarsa, ne bai dace ba.

Kusan duk waɗannan na'urori suna aiki ne a zangon rediyo na 2.4 GHz, ko dai ta Bluetooth ko ta ɗan ƙaramin risiban da ake sokawa a kafar USB. Ƙarfinsu kaɗan ne da gangan, don batir ya daɗe. Bluetooth mai aji na biyu, wanda aka fi sa wa irin waɗannan kaya, bai wuce miliwat 2.5 ba, kuma mita 10 da ake rubutawa a kwali lissafin fili ne da babu abin da ya tare. Ƙarfe yana tare wannan sigina, ruwa yana shanye ta, jikin ɗan Adam kuwa galibinsa ruwa ne. To, akwatin kwamfutar tebur ƙarfe ne, ana tura shi ƙarƙashin tebur, risiban yana baya yana fuskantar bango a cikin tarin wayoyi, ga ƙafafun mai aiki a tsakani. Idan teburin ma na ƙarfe ne, kamar yadda ake yawan gani a ofisoshi, abin ya ƙara tsananta. Shi ya sa maus ɗin da ke wahalar da mutum a kwamfutar tebur yakan yi aiki sumul a laftof.

Dalili na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne USB 3.0. A shekarar 2012 kamfanin Intel ya fitar da wani rahoto da ya nuna cewa kafofi da wayoyin USB 3.0, masu tura bayanai da saurin gigabit 5 a daƙiƙa, suna fitar da hayaniyar rediyo da ke faɗawa daidai zangon 2.4 GHz. Galibi ana gane waɗannan kafofi da shuɗin launi a cikinsu. Idan aka soka filash ko ma'ajiyar bayanai ta waje (hard disk) a ɗaya daga ciki, risiban maus kuma yana maƙale a gefensa, hayaniyar takan danne siginar.

Wi-Fi ma yana amfani da zangon, haka injin ɗumama abinci na maikirowef. Bluetooth yana ƙoƙarin kauce wa cunkoso ta hanyar sauya tasha sau 1,600 a daƙiƙa tsakanin tashoshi 79, amma rauta ko MiFi, wato na'urorin da ke rarraba Wi-Fi, idan aka ajiye su dab da risiba sukan fi ƙarfinsa.

Gyara mafi inganci kuma mafi araha shi ne wayar ƙarin tsawo ta USB 2.0. A soka ta a kafar USB 2.0, wadda galibi cikinta baƙi ne, a jawo ɗaya bakin zuwa saman tebur, a sa risiban inda zai ga maus da kibod kai tsaye. Mita ɗaya ko biyu ya isa; ƙa'idar USB 2.0 ba ta yarda waya ta wuce mita 5 ba. Da wannan an fita daga bayan ƙarfe, an kuma nisanta daga hayaniyar USB 3.0 a lokaci guda. Idan babu wayar, mayar da risiban kafar gaba ma yakan kawo sauƙi.

Kwamfutocin da Bluetooth ɗinsu ke cikin madabod, wato babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta, suna da wata matsalar daban. Eriyar Wi-Fi da ake ɗaurawa a baya ita ce Bluetooth ke amfani da ita. Mai amfani da kebul na intanet yakan ga ba ya buƙatarta, ya bar ta a kwali, kuma kwamfutocin da aka saya bayan wani ya yi amfani da su sukan zo babu ita. Ba tare da eriyar ba nisan da sigina ke kaiwa yakan ragu ƙwarai, don haka sai a nemo a ɗaura.

Sauran abubuwan dubawa ƙanana ne. Batir mai rauni yana rage nisan da sigina ke kaiwa tun kafin ya mutu, kuma na alkalin ya fi na carbon-zinc daɗewa. A Windows, cikin Device Manager, akwai zaɓin da ke ba kwamfuta damar kashe kafar USB ko Bluetooth don tattalin wuta, kuma cire shi yana maganin na'urar da ke yin barci ta ƙi farkawa. Idan rauta yana da zangon 5 GHz, gara a mayar da Wi-Fi can. A lokacin hunturu kuma ƙura takan taru a idon maus, ta haifar da tsalle mai kama da raunin sigina, sai a goge a gani tukuna.

A ɗakin da aka jera kwamfutoci da yawa, kamar cibiyar koyon kwamfuta ko ta jarrabawa, na'urori marasa waya suna cinkushe wa juna zango. A irin wannan wuri maus da kibod masu waya sun fi dacewa.