Ƙibar bijimi ba ita ce abin da 'ya'yansa za su gada ba

An daɗe ana zaɓen bijimin barbara da ido: wanda ya fi tozo da faɗin baya, shi ake ɗauka zai haifi maruƙan da za su yi saurin ƙiba a turke. Kuskuren shi ne yawancin wannan ƙibar daga dusa da harawa ta zo, kuma abinci ba a gadonsa.

Abubuwan da mahauci ke biya dominsu, kamar kitsen da ke ratsa cikin tsoka da faɗin naman baya tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13, ido ba ya ganinsu a jikin dabba mai rai. Shi ya sa masu kiwon Angus, wani irin shanun nama, a Amurka da Ostareliya ke gutsurar fatar kunne ko tsige gashin wutsiya da saiwarsa, a karanta alamomin gado kusan 50,000 da ke cikin ƙwayoyin halittar dabbar, a gwada su da na dubban shanun da aka riga aka auna cin abincinsu da kuma namansu bayan yanka, don a ƙiyasta abin da 'ya'yan bijimin za su gada. Gashin da aka yanke da almakashi ba ya aiki, domin ƙwayoyin gadon na cikin saiwar.

Sai dai a kula, lissafin da aka gina kan Angus ba ya faɗin gaskiya a kan Bunaji ko Bokolo, har sai an tara ma'aunin irinsu.