Yardar da Kake Bayarwa da Ɗan Yatsa: Me Doka Ta Ce Kan Manhajojin Waya?

Wata maƙwabciyarmu a Anguwar Rogo ta yi sallama bayan magariba, waya a hannu, muryarta na rawa. "Malam, don Allah duba mini wannan saƙon." Hoton ƙaninta ne aka turo mata, an rubuta a ƙasa wai ɓarawo ne, ya ci bashi ya gudu. Ita ba ta taɓa sauke manhajar bashi ba. Na ce, "Hajiya, ba daga wayarki suka samu lambarki ba, daga tasa ne." Ranar da ya sauke manhajar, ta nemi izinin shiga jerin lambobinsa, ya danna ya wuce don hankalinsa na kan kuɗin. Da wannan dannawa ɗaya ya miƙa lambar yayarsa, ta surukinsa, har ta limamin unguwa.

Wannan ba rashin kunya ba ne kawai, keta doka ne.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa, wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, mai hedikwata a Abuja. Bayanan da ake nufi su ne duk abin da za a iya gane ka da shi: sunanka, lambarka, hotonka, inda kake kwana, har da lambar da ke manne da wayarka. Lafiyarka, addininka, ƙabilarka da zanen yatsanka kuwa an ba su kariya ta musamman. Mu da muke zaune a Jos ba sai an yi mana dogon bayani ba kan abin da zai iya faruwa idan jerin sunaye da addini da unguwa ya faɗa hannun da bai dace ba.

Inda nake so a tsaya shi ne batun yarda. Dokar ta ce dole yarda ta zama da son ranka, ka san abin da kake yarda da shi, kuma don wata manufa takamaimai. Shirunka ba yarda ba ne. Idan rigima ta taso, kamfanin ne zai kawo hujjar cewa ka yarda, ba kai za ka kawo hujjar ba ka yarda ba. Kana da ikon janyewa duk lokacin da ka ga dama, kuma janyewar ta zama da sauƙi kamar yadda bayarwar ta kasance. Yaron da bai kai shekara 18 ba, sai da amincewar iyaye ko mai kula da shi. Sannan ba a karɓar abin da ya wuce buƙata. Manhajar tocila me ya haɗa ta da jerin lambobinka? Ƙanin Hajiya ma da ya danna, nasa ya yarda da shi. Ba shi da hurumin yarda a madadin yayarsa.

Gaskiya dai, yarda ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Banki zai riƙe bayananka saboda yarjejeniyar da ke tsakaninku da kuma abin da doka ta wajabta masa. Amma talla daban ce: idan ka ce a daina amfani da bayananka don tallata maka kaya, dole a daina. Kana kuma iya neman a nuna maka abin da aka tara a kanka, a gyara kuskure, ko a goge.

To, ita wayar fa? Tana da wata lambar talla. Ka duba farashin takalmi a wannan manhaja, ka buɗe wata can, sai ga takalmin ya biyo ka kamar ƙuda ya ga mangwaro. Sau da yawa da wannan lamba ake ɗinke sawunka. Tun Afrilun 2021 Apple ya tilasta wa manhajojin iPhone su tambaye ka kafin su bi diddiginka zuwa manhajoji da shafukan wasu kamfanoni. Abin ya yi tasiri har Meta, mai Facebook, ya ce zai rage masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Mu da yawancinmu Tecno, Infinix da itel muke riƙewa, Android ya ba da damar goge lambar gaba ɗaya: shiga saitin waya, ɓangaren Google ko na sirri, nemi wajen talla. A nan kusa akwai inda za ka ga wace manhaja ce ke da izinin kamara, makirfo da wurin da kake. Na duba tawa, na tarar da wani wasa da yarana suka sauke yana da izinin sanin inda nake. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai dai a gane: wannan maɓalli tsarin kamfani ne, ba doka ba. Bai hana manhaja tara abin da kake yi a cikinta ba, kuma wanda ya kafa shi yana iya sauya shi gobe. Shi kansa Apple, Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 150 a Maris 2025 kan yadda ya tsara abin. Google ma sai a 2023 ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane, bayan an riga an zubar da mutuncin bayin Allah da yawa. Waɗanda ake turo maka ta WhatsApp ka sauke a bayan fage kuwa, wannan hani bai kai gare su ba.

Haƙoran dokar ba ƙanana ba ne. Babban kamfani na iya biyan naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Idan aka sace bayanai ta yadda za a cutu, awa 72 gare shi ya sanar da NDPC. A 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, hukumar kare masu sayayya FCCPC kuma ta ci Meta dala miliyan 220. Abin da ke damuna shi ne, mai sayar da tumatir a Farin Gada bai san yana da inda zai kai kuka ba.

Hajiya dai na ce kada ta goge saƙon. Muka ɗauki hotonsa da lambar da ta turo da ranar, muka rubuta sunan manhajar, muka zauna muka tsara takardar koke zuwa NDPC da FCCPC. Ƙaninta kuma zai biya bashinsa, don bashi hanji ne, amma a daren ya cire wa manhajar duk izinin da ya ba ta.